Darasi: Yadda Za Ka Ba Tsirran Tankin Kifinka Iskar CO2 Ba Sai Ka Kashe Kuɗi Mai Yawa Ba

To jama'a barkanmu da warhaka, yau maganar tsirran cikin tankin kifi za mu yi, musamman ku da kuka sa fitila mai ƙarfi kuka zuba taki amma ganye ya ƙi motsi, gansakuka ce kawai take ta cin karenta babu babbaka. Sau da yawa abin da ya yi ƙaranci shi ne iskar kabon dayoksaid, wato CO2. In ka busar da tsiro ka auna, kusan kashi 45 cikin ɗari na nauyinsa kabon ne, ka ga ai ba ƙaramin abu ba ne. Tsiron kan tudu yana shaƙar iskar kai tsaye, amma na cikin ruwa wuya yake sha, don saurin yaɗuwar iskar nan a sarari ya ninka na cikin ruwa kusan sau 10,000. Ruwan tankin da ba a ƙara masa komai ba da ƙyar CO2 ɗinsa yake wuce miligiram 2 ko 3 a lita, alhali masu tankin tsirrai 20 zuwa 30 suke nema.

Amma fa ba kowa ne yake bukata ba. In Anubias ne da Java fern da Cryptocoryne a tankinka kuma fitilarka ba mai ƙarfi ba ce, ƙyale su haka, za su rayu lafiya lau sai dai a hankali. Masu son shimfiɗar ciyawa a ƙasan tanki ko jajayen tsirran nan, to da ku nake.

Mu fara da yis da suga, ita ce mafi araha. Ga gorar lemo nan ta lita 2, kuma don Allah gorar lemo mai gas za ka nema don ita aka yi ta jure matsi, ban da ta ruwan sha mai laushi, kwalba kuwa kar ma ka fara, in ta fashe rauni za ta yi maka. Ka huda murfin, amma ramin ya ɗan fi tiyon ƙanƙanta, wato siririn bututun robar da zai kai iskar tanki, sai ka yanke bakin tiyon a karkace ka cusa ka jawo shi da filaya. Haka yake kamawa gam, sannan ka shafa silikon a zagaye ka bar shi ya kwana ya bushe. Yawancin masu cewa abin bai yi musu aiki ba a nan matsalar take, iskar tana zurarewa ta murfi ba su sani ba, to ka shafa ruwan sabulu a wurin, in ya yi kumfa akwai yoyo.

Haɗin kuma, suga kofi 2, ruwa mai ɗumi-ɗumi kamar ɗumin jiki, kar ya yi zafi don zafi kashe yis yake yi, ka girgiza sai sugan ya narke, sannan yis rabin ƙaramin cokali da ɗan bekin soda kaɗan don kar ruwan ya yi saurin tsami. Kar ka cika gorar, bar sarari kamar tsawon yatsa a sama saboda kumfa. Yis ɗin zai riƙa cin sugan yana fitar da CO2 da barasa, kusan rabi da rabi a nauyi, cikin 'yan awanni za ka fara ganin kumfa, kuma zai kai sati 2 zuwa 3 kafin barasar ta taru ta kashe shi. Wani zai ce bari in zuba yis cokali 2 in samu da yawa, a'a ɗan'uwa, zai yi ta ambaliya kwana kaɗan ne ya mutu, ƙaramin yis shi ya fi daɗewa.

Abu biyu ba na so ka tsallake. Tsakanin gorar da tankin ka sa wata ƙaramar gora mai ruwa zuwa rabi, tiyon da ya taho daga yis ya nutse cikin ruwan, wanda zai tafi tanki ya tsaya a sama bai taɓa ruwa ba, ita ce take tare dattin yis in ya taso, kuma a nan za ka riƙa ƙirga kumfa. Sai bawul ɗin nan mai hanya ɗaya, don in gorar ta huce matsi ya ragu tana iya zuƙo ruwan tanki ya dawo baya.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau, don shi ne ainihin darasin. Matsalar yis ba ƙarancin iska ba ce, rashin tsayawa wuri ɗaya ne. Ranar zafi ya yi gudu, daren sanyi ya lafa, satin farko da yawa, na uku kusan babu, kuma tsiro sai ya ɗauki kwanaki yana sabawa da adadin da yake samu, kafin ya saba ka sake canza masa, a wannan tsakanin ne baƙar gansakukar nan mai kama da gemu take samun ƙofa ta kama gefen ganye. Ni a wurina gara kaɗan kullum da mai yawa yau gobe babu. Maganinsa ka yi gora 2 ka haɗa su da mahaɗin tiyo mai baki uku, ka sabunta ɗaya wannan satin ɗayar kuma sati mai zuwa, ta haka in wannan tana sauka waccan tana hawa. Kuma kar ka taɓa toshe tiyon yis da sunan kashewa, yis bai san ka rufe ba, matsi ne zai taru har wani abu ya fashe. In tankinka ya haura lita 100 gaskiya yis zai gajiyar da kai.

Hanya ta biyu ita na fi so, sitirik asid da bekin soda. Akwai kit da ake sayarwa mai murfin gora biyu da geji mai nuna matsi da bawul na daidaitawa. Gorar A giram 200 na asid a ruwa mililita 600, gorar B giram 200 na soda a ruwa mililita 200, ka matsa A kaɗan asid ya tsallaka cikin B ya tafasa, geji ya hau, daga nan shi da kansa yake jawo asid duk lokacin da matsi ya sauka. Soda giram 200 tana ba da CO2 wajen giram 100. Daɗinta kana iya rufewa da dare ka buɗe da safe, zafi da sanyi ba sa juya ta kamar yis, sai dai ka tabbata kit ɗin yana da bawul ɗin da ke sakin iska in matsi ya yi yawa.

To iskar ta iso tanki, ya za ta narke? Babbar kumfar da ta harba sama ta fashe asara ce. Difuza ta tangaran, wato 'yar na'urar da take farfasa iskar zuwa ƙananan kumfa, tana son matsi, da sitirik tana aiki, da yis wani lokaci ta ƙi, sai ka cusa guntun tsinken katako a bakin tiyo ya riƙa fitar da ƙanana, ko ka kai bakin tiyon wurin da filta take zuƙar ruwa farfelar ta farfasa ta, ko ka kifa ƙaramin kofi a cikin ruwa iskar ta taru a ƙarƙashinsa tana narkewa a hankali. Saman ruwan kuma ya riƙa ɗan motsi kawai, in yana fantsama CO2 ɗin gudu take yi.

Kar ka yi da ka. Ka nemi ɗan gilashin gwajin nan da ake maƙalawa a jikin tanki mai ruwa shuɗi, shuɗi bai isa ba, kore daidai, rawaya ya yi yawa, amma ka sani yana makara da awa 1 zuwa 2. Kifinka ya fi shi saurin faɗa maka, da ka ga sun taru a sama suna haki ka zare tiyon nan take, ka kunna famfon iska ka canza rabin ruwan. Dare ya fi haɗari, don in fitila ta mutu tsirrai sun daina shan CO2, su ma oksijin suke ja, shi ya sa mai yis ya riƙa kunna dutsen iska, wato dutsen da ake haɗawa da famfon iska yana fitar da kumfa, da dare.

Ruwan kabon na kwalba irin su Flourish Excel ana yawan tambayata. Ba CO2 ba ne, sinadari ne dangin gulutaraldehaid, ya fi amfani wajen kashe gansakuka, yana iya narkar da tsiron Vallisneria, kuma ka kiyaye idonka da fatarka da shi.

In kuma tankin babba ne, silindar kashe gobara ta CO2 da rigileta mai rage matsi ita ce mafi sauƙi a kan dogon lokaci, amma matsin cikinta ya kai wajen 55 zuwa 60 a ma'aunin matsi na bar, dole ta tsaya a tsaye a ɗaure nesa da zafi, kuma ka duba rubutun jikinta da kyau don akwai masu hoda da masu kumfa. Kowacce ka zaɓa ka fara da kumfa 1 a duk daƙiƙa 2 ko 3 a ƙaramin tanki, ka yi hakan ranar da kake gida kana kallon kifin, sai bayan kwana biyu ka ƙara in gilashin bai koma kore ba.