Sharhi: Yo La Tengo da faifansu na 17

Masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau sharhinmu ya leƙa Amurka, garin Hoboken na jihar New Jersey, tsallaken kogi daga birnin New York. A nan ne Ira Kaplan da Georgia Hubley, waɗanda mata da miji ne, suka kafa ƙungiyar kiɗan rock mai suna Yo La Tengo a 1984. Shi yana kaɗa jita, ita tana buga ganguna, dukansu kuma suna rera waƙa. James McNew ya zo ya riƙe jitar bes a 1992, tun daga nan su ukun ne, ba ƙari ba ragi.

A watan Fabrairun 2023 suka fitar da faifansu na 17, This Stupid World, mai waƙoƙi 9, a kamfanin Matador mai zaman kansa. Mutanenmu na Nijar za su gane sunan, domin kamfanin ne ya fitar da faifan Afrique Victime na Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, a 2021.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka yi aikin. Shekara da shekaru sukan ɗauko furodusa daga waje, kamar Roger Moutenot da suka yi tafiya da shi daga 1993 zuwa 2009. Wannan karon ba su kira kowa ba. Ɗakinsu na atisaye suka shiga, McNew ya kunna na'urar naɗa, suka kaɗa tare, suka tace sautin da hannunsu. Kunne kuwa ba ya ɓuya. Waƙar farko ta haura minti 7, ganga da bes sun kama hanya ɗaya sun ƙi saki, jitar Kaplan tana ta kururuwa a kansu. Dattijo ne fa mai shekara 66 a lokacin! Wanda bai saba ba zai ce hayaniya ce kawai, kuma ban ga laifinsa ba, don waƙar da faifan ya ci sunanta sai mai haƙuri.

To amma a ganina gwanintar tana wajen Georgia. Idan ƙura ta lafa, sai ta ɗauko waƙa cikin sanyin murya, ba ta ɗagawa, ba ta yi wa muryar ado, abokan nata biyu su ja baya su ba ta fili. Irin wannan sanin juna ba ya samuwa a shekara biyar.

Waƙar tata mai suna Aselestine za mu sa muku yanzu. A sha sauraro lafiya.