Ɓoyayyen Makamashi da Buɗewar Sararin Samaniya

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena da 'yan'uwa ɗalibai, na gode da kuka fito duk da hazon da ya lulluɓe Dala da Goron Dutse tun asuba. Ku riƙe hazon nan a rai, domin zai yi mana amfani nan gaba kaɗan.

Tun shekarar 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa gungun taurari na nesa suna ƙara nisa da mu, kuma wanda ya fi nisa shi ya fi sauri. Kada a ɗauka gudu suke yi a cikin wani fili. Filin ne da kansa yake buɗewa, kamar ƙullun fanke da aka zuba wa yis aka barbaɗa riɗi: idan ya kumbura, kowace ƙwaya ta yi nesa da 'yar'uwarta, alhali babu wadda ta motsa daga gurbinta.

Kusan shekara 70 masana suna zaton buɗewar tana rage sauri, kuma zaton yana kan hanya, domin duk abin da yake da nauyi yana jawo ɗan'uwansa, kamar yadda dutsen da yaro ya jefa sama yake rage gudu. Abin da aka fita aunawa ke nan, wato yawan raguwar. Tawaga biyu suka ɗauki aikin, ɗaya ƙarƙashin Saul Perlmutter, ɗaya kuma ta Brian Schmidt da Adam Riess.

Ma'auninsu shi ne wata irin fashewar tauraro da ake kira sufanoba, nau'in Ia, wadda haskenta na asali kusan ɗaya ne a duk inda ta auku. Idan mai shayi da mai tsire suka kunna ƙwan lantarki iri ɗaya, ka ga na mai tsire ya fi dusashewa, ka san shi ya fi nisa, har kana iya lissafa nisan. A 1998 tawagogin biyu, kowace da nata lissafin, suka tarar sufanoba na nesa sun fi yadda aka zata dusashewa, wato sun fi nisa, wanda ke nufin buɗewar ƙara sauri take yi. Dutsen da aka jefa, maimakon ya sassauta, sai ya ƙara wuta.

To, ga inda hazonmu ya shigo. Mai hankali zai tambaya ko ƙura ce kawai ta tare hasken, kuma su ma sun tambayi kansu haka. Sai dai ƙura tana barin shaida, domin ta fi cinye shuɗin haske ta bar ja, kamar yadda hayaƙi ke jajanta fitila. Da aka auna launin, ƙurar ba ta isa ta bayyana dusashewar ba. Daga baya binciken tsohon hasken da ya rage tun farkon sarari ya goyi bayan sakamakon, aka kuma ba mutanen uku kyautar Nobel a 2011.

Abin da ke tura sararin shi aka raɗa wa suna ɓoyayyen makamashi, kuma a ganina sunan ya fi kama da alamar da ɗan kasuwa yake yi a littafi kan kuɗin da ya ga sun shigo bai san mai su ba. Adadin an san shi. Ma'aunin tauraron ɗan'adam na Planck ya ba shi kusan kashi 68 cikin 100 na duk abin da ke sararin, wani ɓoyayyen abu dabam mai nauyi da ba a iya ganinsa kashi 27, mu da rana da taurari kuma kashi 5 kacal.

Halinsa ne abin mamaki. Idan sarari ya buɗe, abu mai nauyi yana tsinkewa kamar kunun da aka ƙara wa ruwa, jansa ya yi rauni. Shi kuwa wannan makamashi, bisa mafi sauƙin bayani, kaurinsa ba ya canzawa, duk sabon fili yana zuwa da nasa rabon. Shi ya sa a shekara biliyan 13.8 na sararin nan, da fari nauyi ne ke da rinjaye, sai kimanin shekara biliyan 5 zuwa 6 da suka wuce turi ya fi ja. Einstein ya taɓa sanya irin wannan adadi a lissafinsa a 1917 don wata manufa dabam, ya kuma janye shi daga baya.

Wani ɗalibi ya aiko da takarda yana tambaya ko duniyarmu ma buɗewa take yi. A'a, ɗana. Inda nauyi ya riga ya ɗaure abubuwa, turin ba ya raba su, har ma gungun Andromeda kusanto mu yake yi.

Yanzu na'urar DESI da ke Arizona a Amurka tana auna miliyoyin gungun taurari, kuma sakamakonta na 2024 da 2025 ya nuna alamar cewa ƙarfin makamashin yana iya raguwa da zamani, ko da yake hujjar ba ta kai matsayin tabbaci ba. Na'urar Euclid da Turai ta harba a Yulin 2023 tana bin sawun tambayar ta wata hanya. Na ga ladan ya miƙe, sauran tambayoyi sai bayan la'asar.