Darasin Lafiya: Karayar Ƙasusuwan Wuya Biyu na Sama

Assalamu alaikum masu sauraro, musamman ma'aikatan sashen gaggawa. Yau za mu tsaya a kan ƙasusuwa biyu da ke ƙarƙashin ƙoƙon kai, C1 da C2.

C1 zobe ne. C2 kuma yana da wani tsini da ya shige cikin zoben, a kansa ake waiwaye. Ramin da ke nan yana da faɗi: kashi ɗaya cikin uku na tsinin ne, ɗaya na laka, wato babbar jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin baya, ɗaya fili. Shi ya sa mutum zai faɗo daga acaɓa, ƙashin ya karye, amma ya shigo asibiti da ƙafarsa yana tallafe da kai da hannu biyu. Don Allah kada tafiyarsa ta ruɗe ku. In ƙashin ya goce ya danne laka a wannan wuri, numfashi ne ke tsayawa, domin jijiyar da ke motsa shi daga ƙasa da nan, wato C3 zuwa C5, take fitowa.

To, me za a yi? Mutum ɗaya ya riƙe kai da tafukansa, a sa abin ɗaure wuya mai tauri. In za a juya shi, mutum huɗu, kai da gangar jiki su tafi tare. Buɗe hanyar iska kuma da turo muƙamuƙi gaba ake yi, ban da tanƙwara kai baya. Ja ko murɗa wuya irin na ɗori, sam babu shi a nan.

A duba hannu da ƙafa, ƙarfi da ji. In awon jini ya sauka kuma bugun zuciya ya yi sanyi, a yi zargin laka ta taɓu, amma fa sai an tabbatar ba jini ke zuba a ciki ba.

Hoton CT, wanda ke nuna ƙashi dalla-dalla, shi ne kan gaba. Inda babu, a ɗauki eksire ta gefe da kuma ta buɗaɗɗen baki. Tazara tsakanin zobe da tsini in ta wuce milimita 3 a babba, ko 5 a yaro, igiyar da ke riƙe tsinin ta samu matsala, sai MRI, hoton da ke nuna igiyar da laka. Eksiren da bai nuna matsala ba bai isa a cire abin wuya ba muddin ciwo na nan, a tura shi inda ake CT.

Magani ya danganta da ko ƙashin zai iya gocewa. Wanda ke zaune daram, abin wuya na mako 6 zuwa 12. Wani sai zoben ƙarfe da ake kafawa a kai, kimanin wata 3, kodayake tsofaffi ba sa jure shi. Karayar gindin tsini ita ce mai taurin kai, jini ba ya isar wurin sosai, sau da yawa ba ta haɗewa. Nan ake tiyata, ko a sa sukuru ta gaban wuya, ko a haɗe C1 da C2 ta ƙeya. A gaya wa majiyyaci tun kafin a shiga cewa haɗewar za ta ci kusan rabin waiwayensa.