Ina Mujallar Take, Alhaji?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ranar Asabar da ta wuce na halarci walimar saukar karatu a Agege, nan Legas. Ana cikin jawabai aka miƙa wa wani dattijo lasifika, babban ɗan kasuwa, mutumin da na daɗe ina ganin girmansa. Ya yi wa yaran da suka sauke addu'a, daga nan sai ya juya kan samarin da ke zaune a bencinan baya. Ya ce yaran yanzu sun lalace, ba mai duba jarida, ba mai buɗe mujalla, daga TikTok sai Facebook. Ya ce su a zamaninsu mutum kan haƙura da karin kumallo ya sayi mujalla. Manya suka yi ta gyaɗa kai. Samarin suka sunkuyar da kai, ba wanda ya ce uffan, domin an yi musu tarbiyya.

Ni dai na koma gida maganar tana cina. Ranar Litinin da sassafe na tafi teburin wani mai sayar da jaridu kusa da gadar Pen Cinema. Dattijon Bayarabe ne, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya jera jaridunsa ya danne su da duwatsu saboda iska, ga masu karatun bulus sun kewaye shi suna musun siyasa. Na duba teburin nan tsaf. Ga jaridun Turanci, ga ta wasanni, ga Alaroye da Yarbanci. Na ce, "Baba, akwai ta Hausa?" Ya ce, "Malam, rabon da a kawo mini takardar Hausa har na manta." Wannan fa a Agege ne, inda Hausawa suka yi kaka da kakanni, inda muke da zango da sarki da masallatai da makarantu.

To Alhaji, Allah ya ƙara girma, mujallar da kake cewa sun ƙi karantawa, ina take? A wane tebur aka ajiye ta suka wuce ba su saya ba? An bar jaki ana dukan taiki.

Masu cewa matashin Bahaushe ba ya karatu, su zo in kai su Idi-Araba gidan ƙanwata. 'Yarta tela ce, shekarunta 22. Da ta idar da sallar isha'i za ka gan ta ta jingina da keken ɗinkinta, waya a hannu, tana karanta littafin Hausa da wata marubuciya ke sakewa kaɗan-kaɗan a WhatsApp. Ba kyauta take karantawa ba. Sai ta tura wa marubuciyar kuɗi ta banki sannan a saka ta a zauren. Idan aka yi kwana biyu ba a saki ci gaban labarin ba, ka ji ta tana mita kamar an hana ta abinci. Ta sayi data, ta biya kuɗin littafi, ta kai wayar wurin mai caji idan an ɗauke wuta ta sake biya. Sau uku ke nan tana zaro kuɗi saboda karatu, kuma ace wai ba ta son karatu? Wannan magana ba ta da tushe, kada ma mu ɓata lokaci a kanta.

Akwai kuma masu cewa ai shi ke nan, waya ta wadatar, zamanin mujalla ya wuce, a bar yara su sha iska. Su ma ban yarda da su ba, kuma a nan ne abin ya fi damuna.

Waɗanda suke Legas a shekarar 2014 ba za su manta ba. A watan Yuli Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola, aka kwantar da shi a wani asibiti a Obalende, likita Stella Adadevoh ta hana shi fita, ta rasa ranta a dalilin haka. A watan Agusta sai ga saƙo ya cika wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, wai shi ne rigakafi. Tun kafin kiran asalatu wayata take ruri, 'yan uwa daga Arewa suna cewa in tashi iyali mu yi wankan gishiri. Mutane suka yi ta ɗirka wa cikinsu gishiri, aka kwantar da wasu a asibiti, wasu suka ce ga garinku nan. Har yau, wa aka kama ya amsa cewa shi ya rubuta? Wa ya fito ya ba da haƙuri? Saƙo ne maras uba. Ya zo, ya yi ɓarna, ya wuce.

Mu kuwa Hausawan Ikko, irin wannan saƙon ba abin wasa ba ne a wurinmu. Mu 'yan tsiraru ne a cikin gari mai miliyoyin mutane. A watan Maris na 2016 rikici ya ɓarke a Mile 12, aka rasa rayuka, gwamnati ta rufe kasuwar. Duk wanda ya ga wannan ya san yadda ƙaramar magana ke zama gobara. Yau ya isa wani ya tono tsohon bidiyo na wata ƙasa, ya ɗora murya a kai ya ce ana kashe Hausawa a Ketu, kafin azahar uwa a Funtua ta fara kuka, direban tirela ya tsaya a hanya da lodin tumatir yana ruɓewa, samari sun fara taruwa. Wa ke da alhakin ya fito ya ce na je wurin da ƙafata, ƙarya ne? Wa jama'a suka sani da suna, suka yarda da shi, da zai faɗi haka a saurare shi?

Wannan shi ne aikin mujalla, kuma shi nake wa kuka. Takarda ba ta dame ni ba. Abin da ke bayan takardar nake nufi: edita mai suna, ofis mai adireshi, ɗan rahoton da aka tura ya gano da idonsa, da kuma tsoron cewa idan ka yi ƙarya za a same ka. Garin nan ya san nauyin wannan aiki fiye da ko'ina. A nan Dele Giwa da Ray Ekpu da Dan Agbese da Yakubu Mohammed suka kafa mujallar Newswatch, ta fara fitowa a 1985. A nan Ikeja aka aika wa Dele Giwa bam a cikin ambulan ranar 19 ga Oktoba 1986. A nan Tell da TheNews suka riƙa fitowa a ɓoye zamanin mulkin soja, ana kwashe mujallunsu ana tsare ma'aikatansu. An yi musu haka ne domin an san su, sun sa hannu a kan abin da suka rubuta. Shi kuwa mai shafin da ke samun kuɗi gwargwadon yawan masu kallo, me zai sa ya bincika? Manhajar da kanta an gina ta ne ta riƙa tura maka abin da zai riƙe idonka. Zagi yana riƙe ido, tsoro yana riƙe ido, faɗan malamai da tonon sililin 'yan fim suna riƙe ido. Bayanin yadda ake sabunta takardar haya ba ya riƙewa. Saboda haka abin da ya fi amfani shi ne yake nutsewa ƙasa.

Ga misali a kusa. Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. A watan Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Baburan da aka kama, murƙushe su aka riƙa yi. Su wa ke kan waɗannan babura? Da yawansu 'ya'yanmu ne, daga Jigawa, daga Katsina, daga Borno, wasu bashi suka ci suka sayi mashin ɗin. An yi sanarwa da Turanci, an yi da Yarbanci. Yaron da ya sauka daga motar shanu makon jiya, a ina zai ga taswirar inda aka hana da inda ba a hana ba, cikin harshen da yake ji? Sai saƙon murya, wannan ya ce an janye dokar, wancan ya ce da dare babu kamu. Na san yaron da ya rasa babur ɗinsa a kan irin wannan ƙanzon kuregen. Ya zauna a gindin teburin mai shayi, ya haɗa kai da gwiwa, shayin ya huce a gabansa bai taɓa ba. Shafi guda da aka tantance zai iya tsare masa jarinsa. Ina mujallar take, Alhaji?

Jaridun Turanci na garin nan ba sa tunawa da mu sai an yi faɗa a kasuwa ko an rusa rumfuna a Alaba Rago. Kafafen Hausa na Kano da Kaduna da Abuja da na ƙasashen waje suna ƙoƙari, muna sauraronsu, muna duba shafukansu, Allah ya saka. Amma hankalinsu yana kan Arewa da siyasar tarayya. Farashin kwandon tattasai a Mile 12, halin da mahauta ke ciki a mayankar Oko-Oba, wace makarantar Islamiyya ke neman malami, wace takarda jami'i ke da ikon tambayarka da wadda ba shi da iko, yaron wa ya fita da sakamako mai kyau daga Jami'ar Legas da ke Akoka: wannan namu ne, ba mai rubuta mana sai mu.

Kuma ba yau Bahaushe ya fara sayen abin karantawa ba. Tun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya, Abubakar Imam yana editanta, mutum ɗaya ya saya ya karanta wa goma a zaure. Kano ta yi Alfijir da ajami saboda waɗanda ba su yi boko ba. A 1999 Ibrahim Sheme ya fito da mujallar Fim, matasa suka yi rububinta, domin ta yi magana a kan abin da ke ransu, da harshensu. Duk lokacin da aka ba su, sun karɓa.

Na san abin da za a ce mini: tsada. Gaskiya ne. Takardar buga jarida daga waje ake shigo da ita, kamfanin Oku Iboku da aka gina domin ita ya daɗe da durƙushewa, kuma tun da aka saki naira a 2023 komai ya ninka. Ba zan yi muku alkawarin cewa mujallar takarda za ta mayar da kuɗinta ba, ni ma ina da shakka a kan haka. To wa ya ce dole sai takarda? In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A kai musu inda suke. A shirya shafi takwas duk mako, a tura ta WhatsApp ɗin nan da ake zagi. A karanta shi da murya saboda ɗan dako da mai gyaran takalmi da mai gadi, waɗanda kunnensu ya fi idonsu saurin karatu. A buga ƙwaya kaɗan a ajiye a masallatai da teburan masu shayi da wurin Baba na Pen Cinema. Sharaɗin dai guda ne: a ga sunan edita, a ga lambar da za a kira, kuma in an yi kuskure a fito a ce mun yi kuskure. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, amma yaran nan ba su daina saye ba. Wanda ya jure wannan, zai iya biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba domin labarin da zai amfane shi.

Kuɗin farawa ne babu? Haba jama'a! Mu da ke cika garin nan da shanu da albasa da tumatir kullum safiya? Mu da ke riƙe da canji? Ana tara miliyoyi a zaman biki ɗaya, ana liƙi har a tattake kuɗi da ƙafa. Ana buga kalanda mai hoton shugabannin ƙungiya duk shekara, mai sheƙi, a raba kyauta. Kuɗin kalandar nan kaɗai zai riƙe 'yan rahoto biyu na wasu watanni. Amma an fi son a karɓi lasifika a wurin walima a wanke yara tas, a koma a zauna. Faɗan ba ya cin ko sisi, shi ya sa kowa ya iya shi.

Ban ce samarin ba su da laifi ba. Akwai mai kwana yana kallon rawa har asuba ta kuɓuce masa, akwai mai tura duk abin da ya shigo wayarsa ba tare da ya karanta ƙarshensa ba. Ku ma ku ji tsoron Allah, ku riƙa tambaya wa ya faɗa kafin ku tura. Amma ba zan tsaya a kanku ba yau, domin ba ku ne masu jari ba.

Alhaji, Allah ya ja kwana, cikin samarin da suka sunkuyar da kai ranar Asabar akwai wanda na sani tun yana ƙarami. Ya karanta aikin jarida, ya gama, ya yi bautar ƙasa. Yanzu yana zaune ƙarƙashin lema a bakin titi yana sana'ar POS, bai fi taku ɗari ba daga shagonka. Ka aika a kira maka shi gobe bayan la'asar, ka ba shi kujera, ka tambaye shi nawa za a kashe a fitar da fitowa ta farko.