Jarkoki ashirin a lungun sito: haja ce ko shara?

Malam: Assalamu alaikum masu sauraro, yau ma daga Samaru muke. Hajiya, ke kika kawo maganar nan, bismillah.

Hajiya: To Malam, wani ƙanena ne mai shagon maganin feshi a Sabon Gari. Na leƙa sitonsa makon jiya, sai ga jarkoki wajen ashirin jibge a lungu. Takardar jikinsu ta koɗe, biyu sun kumbura, ɗaya tana yoyo har simintin ya yi baƙi. Wari kuwa har maƙogwaro. Na ce me kake jira? Ya ce ai kuɗinsa ne, damina na faɗuwa zai sayar.

Auta: Damina nawa ta wuce su a nan, Hajiya?

Hajiya: Uku.

Malam: Ai shi ke nan. A Amurka, ƙarƙashin dokarsu ta shara ta 1976, sinadarin da ba a buɗe ba yana nan a matsayin haja muddin akwai niyyar amfani da shi da gaske. Ranar da mai shi ya yanke shawarar zubarwa, ko ya watsar da shi, in yana cikin masu guba, ya zama shara mai haɗari, dokar ta hau kansa.

Auta: Kenan ni ma sai in ce ina da niyya, a ƙyale ni.

Malam: Niyya a baki ba ta isa ba, Auta. Akwai mai saya? Ana iya karanta sunan maganin? Jarkar da ke yoyo wa zai biya kuɗi ya ɗauka? Wa'adi kaɗai ba ya yanke hukunci, amma in NAFDAC ta haramta magani, to ba kasuwa gare shi, ko jiya aka sauke shi daga mota.

Hajiya: Abin da ya fi tayar min da hankali, cewa ya yi in abin ya gagara zai tuttular a kwata, ya wanke jarkokin ya sayar wa masu ɗibar ruwa.

Auta: Subhanallah! Kwatar da ruwan sama zai kora rafi, inda 'yan lambu ke ban ruwa?

Malam: Kuma tun 1988, bayan gubar da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko da ke jihar Delta a yanzu, muna da doka mai hukuncin ɗaurin rai da rai kan zubar da shara mai cutarwa. Ga NESREA, hukumar kare muhalli ta tarayya da aka kafa a 2007, ga KEPA, takwararta ta jiharmu ta Kaduna. Ya fara tuntuɓar dilan da ya sayar masa ko zai karɓa, in ya ƙi, ya je wajen hukuma.

Hajiya: Mai yoyon fa, kafin nan?

Malam: A zura ta cikin babban durom na roba, a zuba yashi inda ta ɗiga, da safar hannu. Kada a juye ta cikin wata jarkar a gauraya.

Hajiya: Bari in kira shi muna tashi, na san yana shago har magariba.