Amsoshin Tambayoyinku: Dabbar da ta addabi Gévaudan

Jama'a barkanmu da warhaka. Lokaci ya ja, mu shiga wasiƙu.

Wani daga Damagaram yana tambaya ko akwai kura a dazukan Faransa. Babu, malam, kyarkeci gare su.

Sai wasiƙu daga Maraɗi da Katsina har da Kumasi, duk tambaya ɗaya: da gaske ne wata dabba ta taɓa cinye mutanen ƙauye a Faransa? Malamin tarihi na tare da mu. Allah gafarta malam, bismilla.

Malam: To, da gaske ne. Gévaudan yanki ne na duwatsu a kudancin Faransa, ga sanyi ga talauci. A Yunin 1764 dabbar ta kashe wata yarinya mai shekara 14, Jeanne Boulet. Ka san lokacin Faransa ba ta daɗe da shan kaye hannun Ingila ba, a Yaƙin Shekara Bakwai, baitulmali ya...

Malam, dabbar dai, dabbar!

Malam: Ina zuwa. Shekara uku tana ɓarna, mutum kusan 100 suka halaka, akasari mata da yara masu kiwo. Wuya take kamawa. Sarki Louis na 15 ya tura maharbinsa François Antoine, ya kashe wani ƙaton kyarkeci a Satumban 1765, aka kai gawar fada, aka ce magana ta ƙare. Kafin shekarar ta fita aka koma kashe yara. Sai ranar 19 ga Yunin 1767 wani mutumin yankin, Jean Chastel, ya harbe wata dabbar, sannan aka samu lafiya.

Bari in maimaita don masu rubutawa: daga 1764 zuwa 1767, rai kusan 100. Ni abin da ke ci mini rai, fada ta riga ta ce an gama, ta kau da kai, talaka kuwa dole ya tura ɗansa bayan shanu da sanda kawai.

Wata baiwar Allah daga Gaya ta ce ai mutum ne ke rikiɗa. Haba hajiya, kada ki hana yara barci! Mutanen can ma sun faɗi haka, wasu suka ce kura ce aka kawo daga waje, amma yawancin masana sun tafi a kan kyarketai ne, wataƙila fiye da ɗaya.

Mai tambaya ko da harsashin azurfa Chastel ya harbe dabbar, wannan ƙarin gishiri ne na daga baya. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.