Darasi: Kalsiyam, Birkin Ɗan Dakon Cikin Tsiro

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau za mu leƙa cikin ƙwayar halittar tsiro, mu ga wani ɗan dako da ba ya hutawa sai an tsayar da shi.

Akwai wata ciyawar ruwa mai suna Chara, tana fitowa a tafkuna. Ƙwayoyinta dogaye ne, har ido na iya ganinsu. In ka ɗora ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, za ka ga ruwan cikinta yana ta kewayawa, gefe guda na hawa, ɗayan na sauka, kamar hanya mai hannu biyu. Tun 1774 wani ɗan Italiya, Bonaventura Corti, ya ba da labarin haka. To wa ke turawa? Wani furotin ne, mayosin. Yana taka zaren wani furotin mai suna aktin da ƙafa biyu, kaya a kansa, ruwan kuma na bin bayansa. Gudun yakan kusa kashi ɗaya cikin goma na milimita a daƙiƙa. Kada ku raina, a cikin mayosin da aka sani babu wanda ya kai na Chara sauri.

Yanzu ku kasa kunne da kyau, nan ne ɗalibai ke zamewa a jarrabawa. A tsokar jikinmu, sinadarin kalsiyam ne ke cewa "tashi, yi aiki". A nan kuwa birki ne. Ka ɗan zunguri ƙwayar, ko ka ba ta ɗan lantarki, sai ƙofofin jikin ƙwayar su buɗe, kalsiyam ya kwararo ya ninka sau da yawa, cikin daƙiƙa guda komai ya tsaya cak.

Ta yaya? A wuyan mayosin akwai gurabe shida da wani ƙaramin furotin, kalmodulin, ke rungumewa don wuyan ya miƙe. A furen lili an ga cewa kalsiyam in ya yi yawa, kalmodulin na saki, tafiya ta lalace. A Chara kuma, kalsiyam na ta da wani enzayim ne, wato furotin mai hanzarta aiki, mai liƙa sinadarin fosfet, shi ke jawo tsayawar.

Don haka in kun ɗora taku ƙwayar a gilashi kuka ga shiru, kar ku ce ta mutu. Hannunku ne ya firgita ta. Ku ba ta 'yan mintoci ta kwashe kalsiyam ɗin, za ku ga ta soma motsi a hankali.